Daga Kwatano zuwa Lome a kan keke

Tsakanin Kwatano ta ƙasar Benin da Lome ta ƙasar Togo kilomita 150 ne da 'yan kai. Mai mota, in bai daɗe a kan iyaka ba, zai karya kumallo a wannan gari ya yi azahar a wancan. Mu a kan keke muka yi ta, mu uku, duk Sakkwatawa: ni, da abokina mai gyaran keke a bakin Tsohuwar Kasuwa, da ɗan ƙanwata da ya samu hutun makaranta. Dama mun saba fita da asubar Asabar, wannan mako Kware, wancan Boɗinga ko Wamakko, mu dawo kafin rana ta buɗe. Wani Alhaji ɗan unguwarmu, wanda ya daɗe yana fataucin albasa a Kwatano, shi ya sa mana abin a rai. Ya ce in dai son keke ne, akwai wata hanya can da ke bin gaɓar teku cikin itatuwan kwakwa, ba hawa ba gangara, kuma masauki nasa ne.

Cikin watan Disamba muka tashi, hunturu ya kankama, leɓe duk ya tsage. Muka kwance tayoyi, muka naɗe kekunan cikin buhu, aka ɗaure su a bayan bas. Jega, Yawuri, Kwantagora, gadar Jebba, Ilori, Badun, har Ikko. Daga nan Badagiri, sai iyakar Seme. Wannan ɓangaren gajiya ce zalla, ba abin da zan tsaya faɗi a kai, sai dai duk mai niyya ya riƙe fasfonsa da katin rigakafin shawara a aljihun gaba, don za a tambaye shi ba sau ɗaya ba.

A Zangon Kwatano muka sauka, kusa da babban masallaci. Nan Hausa ce harshen ciniki, amma lissafin kuɗi irin na mutanen Nijar ne: sefa 5 ita ce dala, sefa 100 dala ashirin, sefa 1,000 jaka guda. Alhaji ya zaunar da ɗan ƙanwata ya yi ta jarraba shi har ya iya, sannan ya damƙa masa jakar kuɗin cefane. Abokina kuwa tun daren nan ya shimfiɗa buhu a tsakar gida ya harhaɗa kekunan, ya ɗaure birki, ya shafa wa sarƙa baƙin mai, ya ƙirga abin da za mu ɗauka: famfo, tib biyu-biyu, faci da salushan, sifana, da wayoyin taya na ko-ta-kwana. Da gari ya waye muka kutsa cikin 'yan acaɓa masu rawayar riga, waɗanda suka cika titunan garin maƙil, muka nufi Fidjrosse, unguwar da ke bayan filin jirgi, inda hanyar masunta ta fara.

Ƙarar tekun muka fara ji kafin mu gan shi. Muka jingine kekuna jikin kwakwa, muka hau ɗan tudun yashi, sai ga shi nan. Na taso ina ganin gulbin Rima in ya yi ambaliya ya rufe fadama, na ga madatsar Goronyo cike, amma duk waɗannan in ka kai ido nesa za ka hangi tsallake. Wannan ba tsallake. Ruwa ne toka-toka da ke tasowa ya yi tsayin mutum, ya naɗe, ya faɗi da ƙarfi har ka ji ƙasa ta motsa a tafin ƙafarka, ya ja da baya yana tsotse yashin da kake tsaye a kai. Yaron ya daɗe bai ce uffan ba, can ya juyo ya ce, "Kawu, wanga ruwa ina ƙarshenai?" Na ce masa in mutum ya miƙe kudu sak daga nan, ba zai sake taka ƙasa ba sai ƙasar ƙanƙara ta can ƙarshen duniya.

Tun ina yaro a zauren malaminmu na karanta hadisin nan na cikin Muwaɗɗa, inda wani mutum ya ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, su matafiya ne a teku, guzurin ruwansu kaɗan ne, ko su yi alwala da ruwan teku? Aka amsa masa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Shekara da shekaru hadisin yana kaina ban taɓa samun inda zan yi aiki da shi ba. Ranar nan na naɗe wando, na jira igiya ta kawo, na ɗiba da hannu biyu. Kurkurar baki ce mai wuya, gishirin har maƙogwaro, in kuma ya bushe sai ya bar fari-fari a gashin hannu. Gaɓar tana kallon kudu, saboda haka in ka fuskanci alƙibla teku na hannunka na dama. Iyakar shigarmu ruwan ke nan, idon sawu. Alhaji ya ja mana kunne tun a gida cewa tekun wannan yanki yana da ja ta ƙarƙashi, ko gwanayen iyo yana tafiya da su, kuma duk masuncin da muka yi magana da shi abin da ya maimaita ke nan.

Daga Fidjrosse zuwa gaɓar Wida kusan kilomita 40 ne. Farkon hanyar kwalta ce sumul mai faɗi, da wuraren shan iska a gefe. Da muka wuce Togbin da ɗan nisa sai kwalta ta ƙare, muka faɗa yashi. A nan ne zuwa da mai gyaran keke ya yi rana. Ya sa muka sassauta iskar tayoyi har suka ɗan baje, muka koma ƙaramar giya, ya ce kowa ya mayar da nauyinsa baya, kada ya ƙanƙame kan keke, ya bi sawun da babura suka danne. "In kun ji ta nutse, ku sauka ku tura, ba abin kunya ba na," in ji shi. Mun tura kuwa, sau da yawa. Da safe raɓa na riƙe yashin, tafiya na yin daɗi. Rana na ɗagawa sai ya saki. Ga iska kuma. A wannan gaɓa daga kudu maso yamma take busowa kusan kullum, tana ƙara ƙarfi bayan azahar, mu kuwa yamma muka dosa, don haka gaba da gaba muka yi da ita har Lome. Wanda zai yi wannan tafiya ya fara daga Lome ya gangaro gabas, iskar ta riƙa tura shi.

Zafin ma wani iri ne. Namu na Sakkwato ya fi shi a ma'auni nesa ba kusa ba, amma namu busasshe ne, gumi na fita yana bushewa. Can gumi ba ya bushewa. Riga na manne a baya tun hantsi har dare, leɓunan da muka zo da su a tsage suka warke da kansu. Abin da ya riƙe mu shi ne ɗanyar kwakwa. Mace za ta ɗauko ta kore shar, ta sare kan da adda sara uku, ta miƙo maka ka kafa kai. In ka shanye ta raba ta biyu, ta fere maka ɗan cokali daga ɓawon, ka kankare farin nan mai laushi.

Hanyar siririyar ƙasa ce tsakanin ruwa biyu, teku a hagu, tafki a dama, ƙauyukan masunta jere cikin kwakwa, dangoginsu na ganyen kwakwa saƙaƙƙe. Kusa da Avlekete muka tarar ana jan taru. Tun da sassafe kwalekwale ya fita ya zagaya da shi cikin teku ya dawo da bakin igiya, yanzu layi biyu ne na mutane, kowane layi ya kai mutum talatin ko fi, maza da mata da yara, tsakaninsu da juna tafiya ce mai ɗan nisa. Wani na buga ƙarfe, wani na ba da waƙa ana amsawa, a kan amshin ake jingina da baya a ja taku ɗaya. Wanda ya kai ƙarshen layi sai ya saki ya koma gaba ya sake kamawa, wani dattijo na zaune yana naɗe igiyar da ta fito. Gayya ce sak, irin wadda ake yi a gonar surukai, sai dai wannan kullum ake yin ta. Wata mata ta yafuto mu, muka ajiye kekuna muka kama. Igiyar jiƙaƙƙiya ce mai kaushi, yashi ya shige ta, kafin rabin sa'a tafin hannuna ya yi ja wur. Da layukan biyu suka matso juna jakar tarun ta fito tana walƙiya, mata suka kewaye da manyan kwanonin silba. Kamun bai taka kara ya karya ba: ƙananan kifaye, 'yan ƙaguwa, da ledoji masu yawa da teku ya maido wa masu shi. Na tsaya ina kallon yawan hannun da za a raba wa wannan. Duk da haka sai da aka ɗebo mana namu kason, aka gasa mana shi nan take, muka ci da agidi da wani jan yaji mai sa hawaye.

La'asar sakaliya muka iso Djegbadji, ƙauyen masu dafa gishiri. Mata ne ke aikin. Suna kankare ƙasar bakin tafki, su zuba cikin manyan kwanduna, su kwarara ruwa a kai, ruwan gishirin ya tsatso ta ƙasa, su dafa shi a kan murhun laka har ya ƙafe. Abokina, wanda kakanninsa mutanen Dendi ne, ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya ce haka kakarsa ke ba da labarin yadda ake yin gishirin Foga can wajen Gaya, ba abin da ya bambanta sai ruwan.

Daga nan kaɗan ne zuwa wurin da, a gaskiya, shi ya sa na amsa wannan tafiya. A bakin tekun Wida akwai wata doguwar ƙofa tsaye ita kaɗai, ba gini a bayanta ba gini a gabanta, an gina ta a 1995 da hannun hukumar UNESCO. Sunanta Ƙofar Da Ba A Dawowa. A samanta an zana mutane layi biyu, ɗaure da juna, sun ba gari baya sun nufi jirgi. Mun iso ta ta gefen ruwa, rana na shirin faɗuwa, don haka muka bar ta sai da safe, muka hau gari muka kwana.

Washegari muka ɗauki mai jagora, saurayi mai jin Turanci, muka bi hanyar daga farkonta, muna tura kekuna. Kimanin kilomita 4 ce daga tsakiyar gari zuwa teku, jar ƙasa. Ya fara da mu daga dandalin Chacha, gaban gidan Francisco Felix de Souza, ɗan Barazil ɗin da ya zama babban dillalin bayi na Sarkin Dahomey Gezo. Ya nuna mana inda ya ce itacen mantuwa yake, wanda ake sa maza su zagaya sau tara, mata sau bakwai, wai don su manta inda suka fito. Ya nuna mana wurin ɗakin duhu da ake tsare mutane kafin jirgi ya iso, da ramin da ake zuba waɗanda ba su kai ga jirgin ba. Wida ba ta da tashar jiragen ruwa. Jirage can nesa suke tsayawa, a kwalekwale ake ratsa wannan igiyar da na gaya muku da mutane a ɗaure. Dahomey ta ci garin a 1727, ganuwar Turawan Fotugal da aka gina a 1721 tana nan har yau, ba su ma bar ta ba sai 1961. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya aka fitar ta wannan gaɓa kaɗai, kuma cinikin bai tsaya ba don Ingila ta haramta shi a 1807. A 1860 ma jirgi ya ɗebi mutane daga nan ya kai Alabama ta Amurka.

Ɗan ƙanwata yana saurare da tausayi, amma irin tausayin da ake yi wa mutanen wata ƙasa. Da muka zauna a inuwa ya ce, "Allah Sarki, mutanen nan sun sha wuya." Na ce masa har da namu a ciki. Ya dube ni. "Namu kamar ƙaƙa, Kawu? Hausawa?"

Hausawa. Kowane ɗan Sakkwato ya san Tafkin Kwatto a 1804, ya san Tsuntsuwa da Alwasa, ya san faɗuwar Alƙalawa a 1808 da kafa garinmu a 1809. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne inda waɗansu kamammun yaƙoƙin nan suka ƙare. Yaƙi yana haifar da kamammu ta kowane ɓangare, na jama'ar Shehu da na sarakunan Haɓe. Waɗansu an fanshe su, waɗansu sun zauna bauta cikin ƙasarmu, waɗansu kuwa an yi ta sayar da su hannu zuwa hannu, ta Nufe, ta ƙasar Oyo, har bakin teku: Ikko, Badagiri, Porto-Novo, da nan Wida. Cikin 'yan shekaru bayan fara jihadi Hausawa suka yi yawa a Bahia ta Barazil har hukuma ta fara tsoronsu. A 1807 an bankaɗo shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla a birnin Salvador. A 1814 sun tashi a wuraren kamun kifi na Itapua, a gefen birnin. A daren 24 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, Musulmin birnin, akasarinsu Yarabawa tare da waɗansu Hausawa, kimanin mutum 600, suka fito da fararen riguna suka gwabza da sojoji har wayewar gari. Kusan 70 daga cikinsu suka kwanta dama. A jikin gawarwakin an samu layu da takardu masu ayoyin Alƙur'ani, a gidajensu an samu alluna. Bayan shekaru, wani jakadan Faransa a Bahia mai suna Francis de Castelnau ya zauna da bayi Hausawa ya tambaye su labarinsu, ya buga a 1851. Sun faɗa masa garuruwansu, Kano, Katsina, Zariya da sauransu, sun faɗi yaƙin da aka kama su, da zangon da aka bi da su ɗaya bayan ɗaya har teku. Ba su manta komai ba.

Ban faɗa wa yaron wannan don in rage darajar kowa ba. Shehu da Sarkin Musulmi Bello sun yi rubutu suna hana bautar da 'ya'ya Musulmi, yana ma cikin laifuffukan da suka tuhumi sarakunan zamaninsu da shi. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, batun hana kai bayi bakin teku yana cikin abin da suka tattauna da Bello; ya sake dawowa ta Badagiri a ƙarshen 1825, ya rasu a kusa da Sakkwato a watan Afrilu 1827 ba a kai ga ƙulla komai ba. Amma abin da aka hana a takarda daban, abin da ya faru a kasuwa daban. Waɗanda suka kora mutanen nan kudu, da yawansu da harshenmu suke ciniki. Ni abin da ke damuna shi ne yadda muke koyar da tarihin nan a makarantunmu: taswirar tana tsayawa a Ilori, kamar daga nan duniya ta ƙare. Muna kai yara Hubbare, kuma ya kamata mu kai su. Amma almajirin da aka kama a ƙasar Gobir ko Zamfara, aka tsallaka da shi teku, ya ci gaba da rubuta allo a ɓoye a ƙasar da ba a kiran salla, ya mutu da laya a wuya, shi ma ɗan wannan tarihi ne, kuma ban taɓa jin an ambace shi a wa'azi ko a aji ba.

Da muka iso ƙofar mai jagora ya ja baya ya bar mu. Abokina, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya cire hula ya mayar, ya ce, "Malam, mu yi musu Fatiha." Muka yi, muka ƙara da Ƙulhuwallahu. Daga baya muka koma gari muka yi azahar a unguwar Maro, inda waɗansu daga cikin waɗanda aka koro daga Bahia bayan 1835 suka zauna suka gina masallaci. Akwai waɗanda suka dawo, ashe, ko da ba su kai gida ba. Wida gari ne na masu bautar gargajiya, ɗakin da suke girmama mesa yana fuskantar babban cocin Katolika, titi ne kawai tsakani. Ba mu shiga ba, ba kuma wanda ya matsa mana. Duk inda muka nemi ruwan alwala an ba mu da fara'a.

Daga Wida ba a iya bin gaɓa har Gran-Popo, domin kogin Mono ya yanke ta inda yake shiga teku. Dole muka hau babban titin da ya taso daga Ikko ya nufi Abijan, muka yi ta raɓewa manyan motoci. Muka haye gadar Guezin, inda mata ke tallan soyayyen jatan lande, muka ratsa Kome, taya ta yi faci, aka gyara. Gefen titi kwalaben fetur ne jere, wanda aka tsallako da shi daga ƙasarmu. Kilomita arba'in da wani abu, ba daɗi, amma ta wuce.

Gran-Popo ta biya mu. Gari ne dogo siriri, tsofaffin gidajen 'yan kasuwar zamanin Turawa suna rugujewa a tsohuwar unguwa, yashi mai faɗi ba kowa. Muka bar kekuna a masauki muka shiga kwalekwale zuwa bakin kogin, ta cikin itatuwan nan da ke tsirowa a ruwan gishiri saiwoyinsu a waje. A inda kogi ya haɗu da teku ana ganin ruwan kala biyu suna turereniya. Mai tuƙin ya ce bakin ba ya zama wuri ɗaya, yana matsawa shekara zuwa shekara. Ya kuma nuna mana wani shinge da matasan garin ke tara ƙwan kunkurun teku a ciki, su tsare shi har ya ƙyanƙyashe su saki 'ya'yan. Tun 2017 UNESCO ta sa wannan yanki na Mono cikin wuraren da ake karewa.

Kilomita 20 daga nan sai iyakar Hilakonji. Da tsallakawa Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, don Benin lokacinta ɗaya da namu, Togo kuwa da Ghana take tafiya. Aneho na nan bakin iyaka, tsohuwar hedikwatar Jamusawa kafin su mayar da ita Lome a 1897, tafki da teku sun sa ta a tsakiya, kwalekwale masu tutoci jere ƙarƙashin gada. Duk gaɓar Togo ba ta fi kilomita 50 da 'yan kai ba, a yini ɗaya muka gama ta, amma ita ce ta fi tayar mini da hankali bayan Wida.

Teku na cin ƙasar. Bayan Agbodrafo muka sauka daga titi muka shiga wani ƙauye neman ruwa, wani dattijo mai gyaran koma ya ga muna kallon wasu baƙaƙen gutsattsari da igiya ke dukansu. Da ɗan Faransancin yaron da nunin hannu muka gane: kwalta ce. Tsohon titin Lome zuwa Aneho ke nan, yanzu yana cikin ruwa. Ya miƙa hannu can gaba inda ba komai sai kumfa, ya nuna ƙirjinsa, ya kwatanta rufin ɗaki da tafukansa. A gefenmu rabin wani gida ne a tsaye, ɗaya rabin ya faɗa, rijiyar gidan ta zama bututun siminti tsirara a kan yashi, teku ya kwashe ƙasar da ke kewaye da ita. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Igiyar wannan gaɓa tana kwasar yashi daga yamma ta kai gabas. Madatsar Akosombo da Ghana ta gama a 1965 ta tare yashin da kogin Volta ke kawowa, sannan katangar tashar jiragen ruwa ta Lome, wadda aka buɗe a 1968, ta tare saura. Yashi ya taru a yammacin tashar, gabashinta kuwa teku ya shiga ɗiba daga ƙasar mutane. Ana jera manyan duwatsu cikin ruwa don a rage masa ƙarfi, mun ga layukansu a Aneho da wasu wurare, inda aka sa su yashi ya ɗan dawo. Mu da muke kukan hamada na cinye gonaki a Gada da Illela, ban taɓa kawowa a raina cewa akwai masu irin wannan kuka da ruwa ba.

Tun kafin Agbodrafo mun riga mun wuce doguwar gadar lodin ma'adinin fosfat ta Kpeme da ta miƙe cikin teku. Muka ci gaba, muka wuce Baguida, muka kutsa cikin tirelolin tashar jirage, da yawansu masu lambar Nijar da Burkina, direbobi na yi mana sannu da Hausa ta taga. Daga nan titin ya buɗe, kwakwa a jere, ga ragowar ƙarafan gadar jiragen da Jamusawa suka gina a 1904 tsaye cikin ruwa. Muka bi shi har inda ya ƙare a shingen iyakar Ghana, domin Lome a kan iyaka take zaune, Aflawo na kallonka ta cikin waya.

Zangon Lome ba ya cikin gari. An tashe shi a 1977 aka mayar da shi Agoe, arewa da birnin, sai da muka ƙara taka kusan kilomita 15 kafin mu kai gidan da Alhaji ya haɗa mu da shi. Mai gidan dattijo ne, an haife shi a tsohon zangon, kakansa ya zo daga ƙasar Gobir ta hanyar fataucin goro na Gwanja bai koma ba. Bai taɓa zuwa Sakkwato ba, amma ya tambaye mu Hubbare, ya tambayi gulbi ko ya kawo ruwa bana, ya sa aka dama mana fura. Ya ƙi yarda cewa daga Kwatano muke a kan keke sai da ya fito ya duba su da kansa.

Kekunan kuwa sun ji jiki. Iskar gishiri ta sa sarƙoƙi sun yi ja, wayoyin birki sun fara cijewa, yashi ya shiga ko'ina. Abokina ya nemi kananzir da tsohon buroshi, ya baje su a ƙofar gida, yaran unguwa suka kewaye shi. Ɗan ƙanwata na riƙe masa taya yana lissafi da baki: daga Aflawo zuwa Keta, daga Keta zuwa bakin Volta a Ada, daga nan Ankara, babban birnin Ghana.

"Kawu, tunda munka zo har nan..."

Na ce masa makaranta za ta koma, kuɗin da ke jakarsa kuma na mota ne zuwa gida. Mai gidan ya ce in mun tashi yin ta Ghana mu fara daga Ankara mu gangaro, iska na bayanmu, mu sauka wurinsa. Sannan ya aika a kira masa wani direba da ke zuwa Kwatano da asuba, aka zauna cinikin kuɗin kekuna uku a saman mota.